Ina Za A Ajiye Gangar Shara?

Jama'ar Batsari da Safana, ku saurara da kyau. A shekarar 2021 cutar amai da gudawa ta kashe fiye da mutum 3,000 a Najeriya, Jihar Katsina kuwa tana cikin waɗanda suka ji jiki. Wannan cuta ba iska ce take kawo ta ba, ƙazanta ce, ta hanyar ruwan sha da abinci.

Ku dubi kasuwar Batsari ranar Alhamis da la'asar. Ɓawon rake, ledar ruwa, tumbin da mahauta suka zubar, duk a lambatu. Ƙuda ya tashi daga nan ya sauka kan tsire da fura. Damina ta zo, lambatu ya toshe, ruwa ya bi gangare ya shiga rijiyar da ba ta da murfi. Ga garin ya cika da 'yan'uwanmu da rashin tsaro ya koro daga ƙauyukan bakin dajin Rugu, rijiya ɗaya gida nawa ke sha? Yaro ya fara gudawa da asuba, kafin isha'i sai a ce wa'adi ne. Wa'adi na Allah ne, amma sakacin namu ne, kuma za a tambaye mu.

Gangar shara kamar randar sadaka take. Mai neman lada ba ya kai randarsa bayan gari, a bakin hanya yake kafa ta, cikin inuwa, inda mai ƙishi zai gani ba tare da ya tambaya ba, ya sa mata murfi da moɗa, kullum safiya ya leƙa. Bambancin kawai, randa cika ta ake yi, ganga kuwa kwashewa. Gangar da ta kwana uku ba a kwashe ba ta zama juji a tsakiyar titi, gara ma babu ita.

Saboda haka a kafa ta a tashar mota, da ƙofofin kasuwa, da kusa da mahauta, amma nesa da rijiya da teburin mai shayi. A ɗaure ta don awaki. Duba-gari na ƙaramar hukuma su zaɓi wurin tare da sarkin kasuwa, a kuma sanar da fadar hakimanmu, Sarkin Ruma da Yariman Katsina, sunan mai baron da zai riƙa kwashewa da ranakun zuwansa.