Amsoshin Tambayoyinku: Bikin Fina-finan Kaboyi Zai Yiwu a Cadawa?

Tambaya: Na ji an ce akwai ƙananan garuruwa a ƙasashen Turawa da ke shirya biki duk shekara don fina-finan kaboyi da tarihin mahayansu. Gaskiya ne? Mu ma muna da dawaki da fili, mun kuma tashi muna jin iyayenmu suna hirar Django. Za mu iya yin irinsa?
Daga wani matashi, Cadawa, gundumar Agye.

Amsa: Abin da ka ji gaskiya ne. A jihar Kalifoniya ta Amurka akwai wani gari, Lone Pine, mai mutane wajen dubu biyu. A duwatsun bayan garin aka ɗauki ɗaruruwan fina-finai, don haka tun 1990 suke biki kowane watan Oktoba, ana nuna tsofaffin fina-finai, ana kai baƙi su ga inda aka ɗauke su. A Sifen ma akwai Tabernas, garin da Sergio Leone ya ɗauki fina-finan Clint Eastwood a hamadarsa. Tun 2011 suke nasu bikin, har da gasar sababbin fina-finai na ƙananan masu shiryawa, waɗanda ba su da babban kamfani a bayansu. Ka lura, duka garuruwan biyu abin da ke ƙofar gidansu suka ɗaukaka, ba aro suka yi ba.

To mu me ke ƙofar gidanmu? Da farko, fim ɗin da ake ɗauka shi ne na kaboyi na farko da ɗan Afirka ya shirya, ɗan Nijar ne ya yi shi. Marigayi Mustafa Alasan, wanda ya daɗe zaune a Tawa ya kuma rasu a 2015, shi ya fito da "Le Retour d'un aventurier" a 1966. Labarin wani saurayi ne, Jimmy, da ya dawo daga Amurka da akwati cike da malafa da takalma da bindigogi, ya raba wa abokansa. Suka sauya sunaye, suka saci dawaki, suka hana ƙauyensu sakat, ba ganin girman dattijo ba jin maganar sarki, har suka koma faɗa a tsakaninsu. Jingare Maiga da Zalika Sule suna cikin ƴan wasan. Ina roƙonka ka nemi fim ɗin nan ka kalla tare da abokanka kafin ku yanke shawara, domin Alasan yana son fina-finan kaboyi ƙwarai, amma bai ɓoye abin da kayan aro ke yi wa yaro ba.

Na biyu, tarihin da Amurkawa ke taƙama da shi, na mahaya da zaman bakin daji, ƙasarku ta riga ta gan shi. Bayan masu jihadi sun ci Katsina wajajen 1807, sarakunanta suka yo arewa, Ɗan Kasawa ya kafa mulki a Maraɗi. Gobirawa suka kafa Tsibiri, wadda yau take cikin gundumar Gidan Runji, bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Shekaru da dama ƙasar nan ta zama fagen hari da ramuwa tsakanin Maraɗi da daular Sakkwato, kuma sunan Ɗan Baskore, sarkin Maraɗi, bai fita bakin makaɗa ba har yau. A 1899 rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta ratsa tana ƙone garuruwa, ta zo ta watse a yankin Tasawa. Sulke, lifidi, ganuwa, ayarin fatake: wane mai shirya fim zai rasa labari a nan?

Sai dai akwai inda nake so ka yi taka-tsantsan. Yawancin tsofaffin fina-finan kaboyi sun mai da ƴan asalin Amurka mugaye, alhali su aka ƙwace wa ƙasa. Sun kuma sa bindiga ta zama ado. A yankin da ya ga abin da ya faru a Toda a 1991, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100, yankin da tun 2019 yake karɓar ƴan gudun hijira daga Zamfara da Sakkwato da Katsina saboda ƴan bindiga, bai dace a tara yara suna tafa wa mai saurin harbi ba. Rigimar rijiya da burtali da gona ita ce zuciyar da yawa daga waɗannan fina-finai, ita ce kuma damuwarmu. In za a yi fim a kanta, a yi shi da Bafulatani da Bahaushe duka a gaban kyamara da bayanta.

Don haka amsata ita ce e, zai yiwu, in bikinku ne ba na Lone Pine ba. Ku sa shi bayan kaka, lokacin da rumbu ya cika, sanyi ya fara. Da rana a yi sukuwa, a baje kolin sirdi da linzami da likkafa, dukawa da maƙera su sami ciniki. Da la'asar dattawa su ba da tarihin kafuwar garuruwansu, wani ya naɗa a waya. Da dare a kafa majigi a fili, a nuna fim ɗin Alasan da "Sarraounia" na Med Hondo, wanda ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na FESPACO a 1987, sannan gajerun fina-finan da samari da ƴan matan Agye da Gazawa da Gidan Runji suka ɗauka da kansu. Cadawa tana bakin babbar hanyar Maraɗi zuwa Damagaram, zuwan baƙi ba zai yi wuya ba.

Kada ku jira kuɗin wata ƙungiya daga waje. Ku fara da gaida sarki da magajin gari, ku nemi izini da shawarar malamai, ku yi na yini ɗaya tukuna. In kun sa rana, ka rubuto mana mu sanar da sauran masu karatu.