Rediyon Da Yake Jin Mai Sauraronsa

Zuwa ga ɗana a Agege. Yayarka ta gaya mini tun da ka yi sabuwar waya shirin safe na gidajen rediyon Kano ba ya wuce ka. Kana shago kana jin farashin hatsi a Dawanau da sanarwar ɗaurin aure da ta rasuwa kamar kana ƙofar gida. Na ji daɗin wannan ƙwarai. Ta kuma faɗa mini wani abu na biyu, wanda shi ne ya zaunar da ni rubuta maka wannan takarda, amma bari in fara da rediyon.

Mu da muka tashi da akwatin rediyo mun san iyakarsa. Zangon FM ba ya nisa. In ka bar gari a mota, tun ba ka gaji da zama ba muryar za ta fara shaƙewa har ta ɓace. Gajeren zango ne mai tsallake ƙasashe, domin igiyarsa tana haurawa can sama ta dawo ƙasa a wuri mai nisa. Ta nan Sashen Hausa na BBC ya fara iso mana daga Landan a 1957, Muryar Jamus ta biyo baya a 1963, Muryar Amurka a 1979. A gida kuma akwai rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, da ake kamawa har ƙetaren iyaka. Sai ka zaro eriya har ƙarshenta, ka riƙa murɗa maɓalli a hankali kana bin allura, murya ta zo ta tafi, mutum biyar sun sunkuya a kan akwati ɗaya ba mai tari. Kai kuwa yanzu da ɗan yatsa kake yi. An nuna mini wani shafi mai suna Radio Garden, wanda mutanen Holan suka fito da shi a 2016: duniya ce zagayayya a fuskar waya, an yayyafa mata korayen ɗigo, kowane ɗigo gari ne mai tasha. Ka juya ta, ka tsaya inda kake so, ka ji abin da mutanen garin suke ji a daidai wannan lokaci. Wannan ni'ima ce, ban kuma ga dalilin da zai sa dattijo ya raina ta ba.

Abu biyu kawai zan ce a kan kuɗi da tanadi. Tashar da take turo sauti a kan kilobit 64 a daƙiƙa tana cin kusan megabait 29 a awa ɗaya, shirin da ake haskawa da bidiyo kuwa ya ninka haka sau da yawa, alhali maganar da kake nema ɗaya ce. In ji kawai kake so, nemi na sauti. Sannan kada ka raba kanka da ƙaramin akwati mai batir. A watan Satumba na 2021, da hukuma ta rufe layukan waya a jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, aka kuma bi da wasu sassan jihohin da ke maƙwabtaka da ita, duk mai jin rediyo ta waya shiru ya ji. Mai akwati bai daina jin labarai ba.

To, ga inda nake so ka ba ni hankalinka. Akwatin rediyo karɓa kawai yake yi, ba ya mayarwa. Ba wanda ya taɓa sani a Landan ko a Kaduna cewa wani tela a Fagge ya kunna shirin yamma, sai in shi ya ɗauki alƙalami ya rubuto. Waya ba haka take ba. Kafin sauti ya zo maka, sai wayarka ta fara tura saƙon nema, a cikin saƙon kuma akwai lambar da aka ba ta a intanet, wadda take nuna kamfanin layinka da yankin da kake, akwai irin wayar da irin burauzar da kake amfani da ita. Shafuka da yawa suna ajiye 'yan ƙananan alamu a cikin burauzar, waɗanda ake kira kukis, don in ka dawo gobe su gane ka. Shi ya sa in ka duba farashin takalmi yau, jibi tallar takalmi za ta tare ka a wani shafin da ba ruwansa da takalmi. Ita kanta burauzar, Chrome ce ko Firefox ko Opera Mini, tana rubuta duk inda ka shiga, da rana da lokaci. Opera Mini da samari suke so don tana rage cin data, hikimarta ita ce shafin yana fara bi ta kwamfutocin kamfanin a matse shi kafin ya iso maka. Ba laifi ba ne, amma ya kamata ka san cewa akwai mai tsayawa a tsakani.

Na san za ka ce akwai shafin sirri, wanda in ka buɗe fuskar wayar take yin duhu. Amfaninsa gaskiya ne, amma kaɗan ne. Kamar mutum ne ya share sawunsa a tsakar gidansa. Mutanen gida ba za su ga inda ya bi ba, amma duk wanda ya wuce a hanya ya riga ya gan shi. Wayar ba za ta riƙe tarihin ba, sai dai kamfanin layinka da shafin da ka ziyarta suna nan da saninsu. In kuwa ka shiga da sunanka da kalmar sirrinka, ka riga ka yi sallama.

Wanda ya fi kusa da cutar da kai ma ba kamfani ba ne, hannun da kake miƙa wa wayar ne. Ka dubi yadda muke yi: a ba mai caji waya ba kulle, a ba aboki ya kira, a ba mai gyara a tafi masallaci. Burauza ta tambaye ka ko ta riƙe maka kalmar sirri, ka ce e don gudun wahala, ka manta. Wanda ya riƙe wayar minti biyar ya riƙe akwatin saƙonka. Ka sa wa wayar kulle. In ka shiga shafinka a wayar wani ko a kwamfutar shagon buga takardu, kada ka tashi sai ka fita daga shafin da hannunka; rufe burauza ba fita ba ne.

Akwai kuma masu kira. Murya mai ladabi, ta yi maka sallama cikakkiya, ta ambaci sunan ƙungiyarku ta 'yan kasuwa ko ta tsofaffin ɗalibai, ta ce za a yi taro da daddare ta waya, an turo maka lamba shida, ka karanto a sa sunanka. Lambar nan ita ce mabuɗin WhatsApp ɗinka. Kana gama karantowa an fitar da kai, kafin la'asar kuma saƙo ya je wa surukanka da abokan cinikinka da hotonka a kai: ina cikin wani hali, a taimaka da dubu ashirin zuwa gobe. Za su tura, domin kai suka sani, kuma ba ka taɓa yi musu ƙarya ba. Amanar da ka yi shekaru kana tarawa ita ɓarawon yake ci. Maganin yana cikin saitin manhajar, inda ake sa lambar tsaro ta biyu wadda kai kaɗai ka sani. Ka sa ta yau. Haka nan lambar BVN da ta NIN, kowacce alƙaluma 11, ba abin cikawa ba ne a shafin da aka turo maka a zauren WhatsApp ana cewa gwamnati na raba tallafi. Kafin ka rubuta komai, ɗaga ido ka karanta adireshin da ke can saman burauza, harafi bayan harafi. Tambarin hukuma ko na gidan rediyo kowa na iya kwafowa ya manna, adireshin ne ba a iya kwafa daidai, sai dai a yi mai kama da shi. Ko alamar kwado da ake gani a gefensa a wasu burauzoji, abin da take nufi kawai shi ne an rufe hanyar da ke tsakaninka da shafin. Ba ta shaidar halin mai shafin.

Yanzu ga abu na biyun. An ce ka buɗe wani shafi a Facebook da sunan da ba naka ba, da hoton da ba fuskarka ba, da shi kake shiga ƙarƙashin shirye-shiryen siyasa da na malamai in ana haska su kai tsaye, kana mayar da martani. An karanta mini kaɗan daga abin da ka rubuta. Ban gane ka a ciki ba, ɗana. Yaron da na sani ba ya wuce babba a zaune bai rusuna ba, ga shi yana kiran sa'an mahaifinsa da sunan da ba zan iya maimaitawa a takarda ba.

Ba laƙabin ne ya dame ni ba. Mu ma mun yi zamanin laƙabi. A shirin Zaɓi Sonka, mutum zai sayi katin gaisuwa, ya jera sunayen masoya, ya sa hannu da sunan da ya raɗa wa kansa, ya haɗa da garinsu da unguwarsu har da shagon da ake samunsa. Wasu da laƙabin suka yi suna, har na yanka ya ɓace. Aka kafa ƙungiyoyin masu sauraro, mutumin Gusau ya yi aminci da na Maraɗi shekara da shekaru kafin su ga juna, ranar da aka yi biki a gidan ɗaya kuma ɗayan ya yi doguwar tafiya ya zo. Laƙabin nan don a san mutum aka yi shi. Mai shi yana tsaye a bayansa, in ya yi abin kirki a yaba masa a kasuwa, in ya yi na banza a same shi a shagonsa.

Ban kuma ce duk mai ɓoye suna mugu ne ba. Kana jin matan da suke aiko da tambaya filin fatawa ko na likita suna cewa a sakaya sunansu. Wannan sutura ce, kuma haƙƙinsu ne. Akwai ma'aikacin da ya ga ana cin dukiyar jama'a, in ya faɗa da sunansa abincin 'ya'yansa ya tafi. Akwai yarinyar da ba ta sa hotonta don gudun 'yan iska. Waɗannan duka suna ɓoye kansu ne don kada a cuce su. Ka tambayi zuciyarka tsakaninka da Allah ko naka irin nasu ne. In wani abu kake tsoro, faɗa mini, mu san yadda za a yi. In kuwa ka ɓoye fuska ne don bakinka ya faɗi abin da idonka ba zai iya ba, to ka san wanda kake zagi yana da 'ya'ya masu waya, suna karantawa.

Ɓoyon ma bai kai yadda kake zato ba. Tun watan Disamba na 2020 gwamnati ta ba da umarnin haɗa kowane layin waya da lambar NIN, shafin kuma da layi ko adireshin saƙo aka buɗe shi. Akwai dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, an kuma sha gurfanar da mutane a kan abin da suka rubuta. Ko ba hukuma, salon maganar mutum yana tona shi. Yayarka ba bincike ta yi ba, karantawa ta yi ta ji muryarka. Amma ba na so tsoron kamu ya zama dalilinka. Abin da nake ji maka shi ne sabo. Harshen da ya saba zagi da daddare da sunan aro ba ya komawa daidai da safe don an kira shi da sunan yanka. Wata rana abokin ciniki zai ɓata maka rai, ko matar da za ka aura, sai ka ji kalmar ta fito ba ka shirya ba.

Ra'ayinka kuwa ina so ka faɗe shi. Kana da gaskiya a kan abubuwa da dama, tsadar rayuwa da alkawuran da ba a cikawa ba ƙarya ba ne. Gidajen rediyon nan suna buɗe layi, suna karanta saƙonni. Ka kira, ka yi sallama, ka faɗi sunanka da inda kake, ka yi maganarka a tsanake, mai zafi ce ma ka faɗe ta ba tare da ka taɓa iyayen kowa ba. Mai gabatarwa ya fi sauraron irin wannan, jama'a ma haka. In kuma labari ya zo maka a murya ana cewa wata tasha ce ta faɗa, kada ka tura sai ka shiga shafin tashar da kanka ka gani. Gidan rediyo yana da lasisi da edita da ƙofar da za a je a buga in ya yi ƙarya. Muryar da ake yawo da ita a zaure ba ta da ko ɗaya.

Shafin nan na biyu, kada ka goge shi cikin gaggawa. Ka zauna kai kaɗai ka karanta abin da ka rubuta tun daga farko. Waɗanda ka taɓa mutuncinsu, in akwai wanda ka sani ko kake iya samu, ka neme shi da sunanka na gaskiya ka roƙi gafara. Zai yi nauyi a baki, na sani, amma haƙƙin mutum sai shi ya yafe. Ka cire rubuce-rubucen ɗaya bayan ɗaya, sannan ka nemi a rufe shafin gaba ɗaya. Facebook yana jinkirta gogewa har kwana 30, in ka koma ciki kafin su cika zai ba ka damar fasawa. Kada ka leƙa. In sun cika ka kira ni ka gaya mini.

Allah ya yi maka albarka, ya sa wa kasuwa albarka. Ka gaida maigidanka.

Baffanka.