Na'urori biyu da suka sa mai saniya uku yake gogayya da manyan gonakin madara

A Amurka, gonakin madara masu lasisi sun haura 70,000 a shekarar 2003. Zuwa 2022 ba su kai 30,000 ba, kuma akasarin waɗanda suka rufe ƙanana ne. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: kuɗin injin tatsa da na tankin sanyi, idan aka raba shi kan shanu dubu, ba ya ciwo kamar idan aka ɗora shi kan shanu hamsin. Amma Indiya, wadda ta fi kowace ƙasa samar da madara, ta dogara ne da masu saniya ko ɓauna biyu zuwa uku. Yaya aka yi?

Matsalar ƙaramin makiyayi ta farko ita ce lokaci. Madara tana fitowa da ɗuminta, kuma a yanayin zafi ƙwayoyin bakteriya na ninkuwa cikin abin da bai kai rabin sa'a ba. Kafin 'yan sa'o'i ta yi tsami. Wanda kayansa ke lalacewa a hannu kuwa ba ya ciniki, abin da dillali ya taya shi zai karɓa. Halin da manoman yankin Anand na jihar Gujarat ke ciki ke nan a hannun kamfanin Polson, har suka kafa ƙungiyar gama kai a 1946 ƙarƙashin Tribhuvandas Patel. Ita ce ta zama Amul, wadda injiniya Verghese Kurien ya ɗaukaka, kuma yau tana da manoma fiye da miliyan 3.

Na'ura ta farko ita ce tankin sanyaya madara da ake girkawa a cibiyar ƙauye. Yana saukar da zafinta zuwa digiri 4 a ma'aunin Selsiyos, inda bakteriya ke kusan daina yaɗuwa, sai ta jira motar tanka ba tare da ta tsinke ba. Babu mai saniya uku da zai iya sayen wannan tanki. Mutum ɗari biyu kuwa za su iya, kuma a nan suke samun rangwamen da babbar gona ke samu.

Ta biyu ta fi ban sha'awa. Idan mace ta kawo madararta da safe, sikelin lantarki zai auna nauyinta, a ɗebi kaɗan a saka a na'urar gwaji. Irin ta zamani tana tura sautin da kunne ba ya ji cikin madarar, ta lissafa yawan maiƙo da sauran sinadaran da ke ciki a kusan minti ɗaya. Kwamfuta ta haɗa nauyi da inganci, ta fitar da rasit, kuɗi kuma a cibiyoyi da yawa ya shiga asusun banki. A da sai an zuba asid an juya kwalba a inji, aikin da ke cin lokaci, ga shi mai awo na iya yin son rai. Yanzu mai ƙara ruwa kansa ya cuta, domin maiƙo ake biya ba cikar jarka ba. Mai ciyar da dabbarta da kyau kuma tana ganin bambancin a rasit ɗinta.

Sai dai na'ura ba ta ƙara wa saniya nono. Holstein a Amurka tana ba da kusan lita 30 a rana, saniyar gida ta Indiya kuwa 'yan litoci ne. Abin da ke rufa asiri shi ne iyali ke yin aikin ba tare da albashi ba, abincin dabba kuma galibi harawa ce da ragowar amfanin gona. Ranar da matasa suka koma birni, ko dusa ta yi tsada, lissafin zai canza.

Tankin ma yana da nasa sharaɗi: wuta sau biyu a rana, bayan tatsar safe da ta yamma. Inda babu tsayayyar lantarki, kamar rugagen Fulani a arewacin Najeriya, kuɗin man janareta na iya cinye ribar, shi ya sa hankali ya karkata ga tankuna masu aiki da hasken rana, waɗanda ke daskarar da ƙanƙara da rana domin sanyaya madarar dare.