Kashe Akwatin Tukuna, Ɗana

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce akwatin ajiyar nan mai faifai biyu da ka aje a gida, wanda kwamfutocinka suke zuba wa fayil, ya kunna jar fitila, faifai ɗaya yana ƙas-ƙas, ga hotunan bikin mutane a ciki, ga furojet na ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da na kwalejin Isa Kaita. Allah ya sawwaƙe. Kafin ka ƙarasa karanta takardar nan, tashi ka kashe shi, ka zare wayar wuta. Na san hannunka yana ƙaiƙayi ka sake kunnawa ko zai tashi. Daure.

A cikin faifan akwai faranti da ke juyawa sau 5400 ko 7200 a minti ɗaya, da wata 'yar allura mai karatu da ke shawagi a samansa ba tare da ta taɓa shi ba. Tazarar da ke tsakaninsu ko ƙwayar ƙura ta fi ta kauri. Ƙarar da kake ji, sau da yawa allurar ce ta kasa karatu take komawa tana sake gwadawa. In ta gogi farantin, wurin da ta kankare ya tafi ke nan, babu gwanin da zai dawo da shi ko a Kano ko a Ingila.

To, yaya aka tsara faifan biyun tun farko? In tsarin RAID 1 ne, duk abin da ke kan wannan yana kan wancan, sai ka yi hamdala. In RAID 0 ne, wanda ake zaɓa don kwaɗayin faɗin wuri, kowane fayil an raba shi gida biyu, lafiyayyen faifan ba zai ba ka komai shi kaɗai ba, dole a koma kan marar lafiyar. Kafin ka zare ko ɗaya, sa alkalami ka rubuta a jikinsu wane ne na dama, wane ne na hagu.

Mu ɗauka RAID 1 ne. Masu ba da shawara za su ce sayo sabon faifai ka cusa, akwatin zai gyara kansa. Gaskiya ne zai yi, amma ba yanzu ba. Wannan gyaran yana tilasta wa faifan da ya rage ya karanta kansa daga farko har ƙarshe, awoyi masu yawa babu hutu, alhali rana ɗaya aka sayo su, zafin bazara ɗaya suka sha, ɗaukewar wuta ɗaya suka gani. A irin wannan aiki ne na biyun yakan bi ɗan'uwansa. Cire mai ƙarar, kunna akwatin da lafiyayyen, ka kwashe kaya zuwa wani faifai na waje. Fara da kayan mutane, sannan takardun gida, finafinai su zo ƙarshe, don su ana samunsu a ko'ina. Ka yi aikin a kan inbata ko sola mai cikakken caji, ba janaretan da mansa ya kusa ƙarewa ba. Sai kaya sun fita sannan a yi maganar sabon faifai.

Wani lokaci ma akwatin ne ko adaftarsa ke mutuwa, faifan lafiya lau. A nan mutane da yawa suke yi wa kansu ɓarna: su jona faifan da kwamfuta mai Windows, ita kuma ta ce ba ta gane shi ba, a yi fomatin. Kada ka amsa mata. Akwatunan Synology da QNAP a kan Linux suke tafiya, da tsarin rubutu irin su ext4, wanda Windows ba ta karantawa da kanta. Ana tayar da kwamfuta da Ubuntu, wani nau'in Linux, daga filashi, a haɗa faifan da manhajar mdadm, a buɗe shi don karantawa kawai. Kamfanin Synology da kansa ya wallafa matakan yin haka. In abin ya fi ƙarfinka, ba za a rasa mai hannu a Linux cikin masu karanta ilmin kwamfuta a Dutsin-Ma ba, kuma tambaya ba ta rage wa mutum daraja.

In faifai yana juyawa shiru amma yana tuntuɓe a wasu wurare, kada a fara tono a kansa. A juye shi sukutum zuwa wani faifai mai girmansa ko fiye, da manhajar ddrescue. Abin da ya sa nake sonta: tana fara kwashe wuraren da ke da sauƙi kafin ta koma ga masu gardama, kuma tana aje lissafin inda ta tsaya, in an ɗauke wuta sai ta ɗora daga nan. Kai ka san amfanin wannan a wajenmu. A kan kwafin ake gwada manhajojin ceto fayil, TestDisk ko PhotoRec, dukansu kyauta ne, sai dai PhotoRec tana dawo da fayil babu sunansa na asali, zaman tantancewa yana jiranka.

Shi kuwa mai ƙas-ƙas, manhaja ba ta maganinsa. Kada ka sa shi a firji, kada ka bubbuga shi, kada ka bari mai gyaran waya ya kwance murfinsa a kan teburi. Ɗaki na musamman mai tataccen iska ake buɗe shi. In ta kama ka kai shi Kano, wajen masu kwamfuta na Beirut Road, tambayi mutum a ina zai buɗe shi, kuma ko zai fara juye shi kafin ya taɓa komai. Amsarsa za ta nuna maka ko ya san aikin. Ku yi ciniki kafin ka saki. Ka kuma tuna hotunan amare da matan mutane ne a ciki, amana ce, ba kowane shago ake bar wa ita ta kwana ba.

Masu kayan fa, kira su yau, kada ka jira sai sun zo karɓa. Ɗalibi yakan samu kwafin furojet ɗinsa a WhatsApp ko imel, katin kyamara kuma in ba a cika shi da sabon aiki ba ana iya ceto hotuna daga cikinsa.

In Allah ya fid da kai, kada ka sake ɗaukar faifai biyu a akwati ɗaya a matsayin ajiya biyu. Rumbu biyu ne a gida ɗaya, gobara ba ta zaɓe. Abin da ka goge bisa kuskure nan take yake gogewa a duka biyun, haka tsawa, haka ɓarawo. A watan Yuni na 2021 masu akwatin My Book Live na kamfanin Western Digital a ƙasashe daban-daban suka wayi gari an share musu komai ta intanet, faifansu kuwa lafiyarsa ƙalau. Tun 2015 rabon na'urar da sabuntawa. A farkon 2022 kuma 'yan damfara suka kulle akwatunan QNAP suna neman kuɗin fansa. Saboda haka ka nemi faifai na uku, ka riƙa juye aiki a kai duk ƙarshen wata, ka buɗe fayil biyu ko uku ka tabbata suna buɗewa, sannan ka aiko da shi nan Tamawa a aje maka. Gwaggonka tana da akwatin ƙarfe mai makulli.

Ka gaida mutan gida.