Kafin ruwan gwal ya hau yadi

Wani matashi mai ɗan shagon buga rubutu a riguna a kasuwar Mile 12 da ke Legas ya kawo mini kuka. Ƙungiyar 'yan tumatir ta ba shi aikin riguna baƙaƙe da tambarin ƙungiya da ruwan gwal. Ranar da ya miƙa aikin, tambarin sai ɗaukar ido yake. Wanki biyu aka yi, gwal ɗin ya dusashe, a wasu rigunan ma ya fara ɓarewa daga gefe. Tambayarsa ita ce: a ina zai samu tawadar da ba jabu ba?

Ɗan'uwa, kafin ka ɗora wa mai sayar da tawada laifi, duba yadin. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Tawadar gwal da ta azurfa sun bambanta da jar tawada ko shuɗiya. A cikinsu akwai ƙananan ɓarɓashi masu ƙyalli, kuma ƙyallin yana fita ne idan ɓarɓashin nan suka kwanta luf a kan yadi mai sumul. Ƙura, gashin auduga da ya miƙe, sitaci ko danshi, kowanne yana hana su kwanciya. Shi ya sa kuskuren da farar tawada za ta rufa maka asiri a kai, gwal zai tona shi.

Fara da sanin yadin da ke hannunka. Idan ka sayo riguna a Balogun ko Idumota, karanta ɗan ƙyallen da ke wuya. Auduga zalla ita ce mafi sauƙin aiki. Yadin roba, wato foliyesta, irin na rigunan ƙwallo, yana da wata matsala: idan ya sha zafi sosai rinin jikinsa yakan taso ya shiga cikin tawada, ka wayi gari azurfar da ka buga a kan jar riga ta koma ruwan hoda. Irin wannan yadi yana buƙatar tawadar da ke gasuwa da ƙaramin zafi, ko shimfiɗar ƙasa mai tare rini. Idan babu ƙyallen wuya, zare ɗan zare daga cikin ɗinki ka kusanta shi da ashana. Auduga tana ci kamar takarda ta bar toka mai laushi, roba kuwa narkewa take ta dunƙule.

Sai wanki. Sabon yadi yana fitowa daga masaƙa da sitaci da sauran abin da ake shafa masa don ya yi kyan gani a kasuwa. Shadda ta fi kowa a nan, musamman wadda ta sha sitaci da bugu. Wanda ya buga gwal a kan irin wannan, a kan sitacin ya buga, kuma ranar da sitacin ya bi ruwa, gwal ɗin zai bi shi. Gwajin ba wuya: ɗiga ruwa a jikin yadin. Idan ya tsotse nan take, hanya ta buɗe. Idan ɗigon ya tsaya a dunƙule yana gangarawa, sai an wanke. Wanke da omo kaɗan, ka ɗauraye sosai har kumfa ta ƙare. Kada ka sa ruwan ƙamshin nan mai tausasa tufafi, domin yana barin santsi a jikin zare. Idan ruwan burtsatsen unguwarku yana barin jan tabo a bokiti, kada ya taɓa farin yadi. Wankin nan yana da wata riba: auduga tana ɗan tsukewa a wankin farko, gara ta tsuke kafin rubutu ya hau ta.

Ga masu kawo ankon biki ko shaddar walima, faɗa musu gaskiya tun farko cewa shaddar za ta rasa wani ɓangare na sheƙinta idan aka wanke. Idan ba su yarda ba, nemi ragowar ƙyalle daga wurin tela ka buga a kai, ka wanke, ka nuna musu. Gani ya kori ji.

Bayan wanki sai bushewa, kuma a nan ne wanda ya koyi sana'a a Kano ko Zariya yake faɗawa rami idan ya zo Legas. A Arewa, da rani, riga kan bushe ƙamas kafin ka gama shan shayi. A nan bakin teku iska kanta jiƙaƙƙiya ce, ballantana daga Afrilu zuwa Yuli da ruwan sama ke kankama. Rigar da hannunka ya ce ta bushe tana iya riƙe da danshi a cikin zare, kuma danshin nan yana shanye zafin da ya kamata ya gasa tawada. Saboda haka kowace riga ta shiga ƙarƙashin injin matse zafi na daƙiƙa 5 zuwa 10 kafin bugu. Idan ba ka da inji, dutsen guga ya isa, amma busasshiyar guga, ba yayyafa ruwa, ba sitaci. Gugar nan tana korar danshi, ta miƙar da yamutsa, ta kwantar da gashin auduga. Ka bar rigar ta huce kafin ka buga.

Ƙura kuma sai da ido biyu. Shagon da ke kallon titin Ikorodu, inda manyan motocin kayan gwari ke sauke kaya dare da rana, ba ya rabo da ƙura. Rigunan da ka wanke ka goge, ninke su ka rufe da babban zane mai tsabta. Dab da bugu, bi wurin da rubutu zai hau da salatif mai faɗi ka ɗebe zare da gashi. Zare ɗaya tak idan ya manne a bayan allon bugu zai bar tabo a kan duk rigar da ta biyo baya.

Shafa ɗan gam na musamman a kan katakon da ake sanya riga, siriri kawai, don kada ta motsa. Shimfiɗa rigar da tafin hannu daga tsakiya zuwa gefe, kada ka ja ta da ƙarfi, domin idan ta koma yadda take rubutun zai karkace.

Abu biyu game da kayan aiki, don kada wahalar shirya yadi ta tashi a banza. Ragar allonka ta zama mai manyan ƙofofi, mai lamba 86 zuwa 110, domin mai ƙananan ƙofofi tana tace ɓarɓashin gwal ɗin ta toshe. Idan za ka sayo kaya a Shomolu ko Mushin, nemi wannan lamba da bakinka. Na biyu, tawadar roba da ake kira filastisol akasari tana gasuwa ne a wajen digiri 160, amma mai ƙyalli tana mayar da zafi baya kamar madubi, don haka ƙara mata lokaci fiye da yadda ka saba. Duba abin da aka rubuta a jikin gwangwani ka bi.

Kada ka fara riguna 100 sai ka sadaukar da guda ɗaya. Buga ta, gasa ta, bar ta ta huce, sannan ka ɗan ja wurin rubutun. Idan ya tsattsage, bai gasu ba. Wanke ta sau uku ka shanya, ka ajiye ta kusa da wadda ba a wanke ba ka kwatanta. Idan za ka miƙa aiki, gaya wa mai kaya ya riƙa juya rigar ciki waje kafin wanki, kada bilic ya taɓa ta, kada dutsen guga ya hau kan rubutun.

Na san mai aiki yakan zo yau ya ce gobe yake so, musamman idan Sallah ko Maulidi ya ƙarato. Roƙe shi kwana ɗaya na wanki da shanya, ka sa kuɗin wannan wahala cikin farashinka ba tare da jin kunya ba. Sauri kan haifi nawa. A kasuwa irin Mile 12, inda kowa ya san kowa daga layin albasa zuwa na tattasai, rigar da ka buga ita ce za ta riƙa yawo tana ba da labarinka, kuma labarin da ake saurara shi ne wanda ta bayar bayan wanki na goma.