Abin da ke kashe batirin sola tun bai tsufa ba

Sana'ata haɗa sola da kula da batura a Kano, kuma kukan da na fi ji daga masu gida shi ne: "Injiniya, batirin nan ko shekara bai rufa ba, ya daina riƙe wuta." Galibi rashin sanin abin da ke gudana a cikinsa ne ke jawo wannan asara.

Batirin dalma da asid, wanda Gaston Planté na Faransa ya ƙirƙiro a 1859, shi ne har yau a motocinmu da gidajen sola da dama. Mai bolt 12 yana da ɗakuna 6, kowanne yana ba da bolt 2 da 'yan kai. A kowane ɗaki akwai faranti iri biyu a tsome cikin asid: na dalma zalla, da na dalmar da ta haɗu da oksijin. Da ka kunna fanka, sai farantin dalma ya saki ilektiron, su bi waya su juya ta, ɗaya farantin ya karɓe su. Sakin shi ne oksideshan, karɓar kuwa ridakshan. Tamkar ciniki ne, ba a sayarwa sai da mai saye.

Ana cikin wannan musaya, wani farin gishiri mai suna salfet ɗin dalma yakan riƙa lulluɓe farantan, asid ɗin kuma yana ta tsinkewa. Caji ne ke mayar da komai yadda yake. Amma idan aka tatse batir ƙarƙaf, aka bar shi kwana da kwanaki ba caji, gishirin sai ya daskare, caji ya kasa narkar da shi. Na sha buɗe irin wannan batir in tarar da farantansa fari fat, wasu har sun lanƙwashe.

Saboda haka, 'yan'uwa, kada ku bari wutarsa ta yi ƙasa da rabi. Cikakken batir idan ya huta yakan nuna kusan bolt 12.6, da ya sauko 12.1, a rage masa kaya. Idan ruwansa ya ja baya, tataccen ruwa za a ƙara, domin ruwa ne caji ke rabawa zuwa haidurojin da oksijin, asid ɗin yana nan. Ruwan rijiya ko na burtsatse yana ɗauke da ma'adinai masu ɓata faranti. Haidurojin kuwa yana kama wuta nan take, don haka ban da ashana ko taba a kusa, kuma a ajiye batir inda iska ke ratsawa, nesa da zafin rana, musamman a bazara.

Batirin da ya mutu, kada a fasa shi a tsakar gida. Gubar dalma daga dutsen zinare ce ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, kuma irin dalmar ce a cikin batir. A miƙa shi a rufe ga dillalan da ke kai wa masana'antun sake sarrafawa.