Yadda Ake Ƙera Ƙaramin Jirgin Ruwa na Katako

Ƙera ƙananan jiragen ruwa na katako tsohon aiki ne. A 1920 masu haƙo kayan tarihi suka buɗe wani ɓoyayyen ɗaki a kabarin Meketre, wani babban bafaden Fir'auna, kusa da Luksor a Masar, suka tarar da 'yan jirage na katako har da matuƙansu, waɗanda suka shekara kusan 4,000 a rufe. A Ingila ta ƙarni na 17 kuma an riƙa ƙera ƙananan samfuran jiragen yaƙi, da yawansu suna gidan tarihin jiragen ruwa na Greenwich a Landan. A yau aikin ya zama abin sha'awa da mutum zai yi a kan teburi guda bayan ya taso daga aiki.

Abu ɗaya ya kamata ka riƙe tun daga farko: kyan jirgi a ƙwarangwal ɗinsa yake. Fenti da igiyoyi su ne ido ke fara gani, amma idan ƙashin ya karkace, ba abin da zai ɓoye shi. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Mataki na 1: Zaɓi jirgi da ma'auni

Sabon shiga yakan ɗora ido a kan HMS Victory, jirgin yaƙin Ingila mai igwa sama da 100 da ya yi yaƙin Trafalgar a 1805. Irin wannan yakan ci ƙwararru shekaru, kuma shi ne yakan ƙare a kwali a ƙarƙashin gado. Ka fara da jirgi mai ginshiƙin ɗaura yadin iska ɗaya ko biyu.

Misalin da za mu bi a nan shi ne Bluenose, jirgin masunta na Kanada da aka saka a ruwa a garin Lunenburg a 1921. William Roué ne ya zana shi, ya yi suna a gasar tseren jiragen masunta, kuma hotonsa ne a kan kwabon santi 10 na Kanada tun 1937. Ya dace da mai koyo saboda jikinsa siriri ne mai lanƙwasa a hankali, ginshiƙansa biyu ne kawai, ba igwa, ba sassaƙen ado.

Tsawon gangar jikinsa kusan mita 44 ne. A ma'aunin 1:100, wato kowace mita ta koma santimita ɗaya, zai fito santimita 44. A 1:64 zai kai kusan santimita 68. Babban ya fi cin wuri, amma ya fi sauƙin riƙewa a yatsu.

Hanyar samun kayan haɗa jirgin biyu ce. Ko ka sayi kwalin da aka haɗa komai a ciki, da zane da yankakken katako da zare, irin na kamfanonin Amati na Italiya, Billing Boats na Danmak, ko Model Shipways na Amurka. Ko kuma ka samo zanen jirgin kawai, ka yanka komai da hannunka. Matakan da ke ƙasa sun shafi duka biyun.

Mataki na 2: Tara kayan aiki

Ba ka buƙatar shagon kafinta. Ka tanadi wuƙar sassaƙa mai canjin baki, ƙaramin zarto mai ƙananan haƙora, rula ta ƙarfe, sikwaya, fensir, filaya, matsefata, ƙananan fil, maƙalan shanya na riƙe katako, da samfefa mai lamba 80, 120 da 240. Gam iri biyu ne: farin gam na kafinta shi ne na yawancin aikin, mai kamawa nan take kuwa sai wajen manna ƙarfe da katako.

Ƙwarangwal ana yin sa da filawud mai kaurin milimita 4 ko 5. Falankan jiki kuwa suna son katako mai laushi, marar gaɓa. Kwalayen Turai sukan zo da katakon linden da na walnut, amma obeche, wanda Yarabawa ke kira arere, 'yan Gana kuma wawa, masu wannan aiki a Turai ma suna amfani da shi, ga shi kuma a kasuwannin katako na yankinmu. Maɗaci yana kyau wajen ado da gindin ajiye jirgi. Ka sa mai injin ya tsaga maka siraran falankai masu faɗin milimita 5 da kaurin milimita 1.5, ka bar su mako biyu a ɗakin da za ka yi aikin. Katakon da aka manna da danshin damina yakan tsuke ya buɗe baki idan hunturu ya shigo.

Mataki na 3: Kafa ƙwarangwal

Zanen zai nuna maka dogon allo ɗaya mai siffar jirgin daga gefe, shi ne ƙashin baya, da wasu alluna da ke gicciye shi, su ne haƙarƙari. Manna kwafin zanen a kan filawud, ka yanka kaɗan a wajen layi, sannan ka goge har layin. Kowane haƙarƙari ka rubuta masa lamba.

Ɗora ƙashin bayan a kan gilashi ka duba ko ya kwanta sarai. In ya ɗaga ko kaɗan, ka jiƙa shi, ka danne da abu mai nauyi har ya bushe. Daga nan ka kafa shi tsaye a kan wani shimfiɗaɗɗen allo, tsakanin sanduna biyu da aka kafe da ƙusa.

Fara jera haƙarƙarin ba gam, ka ga kowanne ya shiga tsagarsa ba tare da dole ba, samansa kuma ya yi daidai da saman ƙashin baya. Sai ka manna su ɗaya bayan ɗaya, kana dafa sikwaya a kowanne kafin gam ya kama. Ka auna tazarar da ke tsakanin kowane biyu ta dama da ta hagu. Dole su zo ɗaya. A goshin jirgi da ƙeyarsa, inda lanƙwasa ta fi tsanani, cike gurbin da guntayen obeche don falanki ya sami wurin kwanciya.

Mataki na 4: Fere gefen haƙarƙari

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, shi ne kuma ya fi hukunta mai gaggawa. Gefen kowane haƙarƙari a miƙe aka yanka shi, alhali jikin jirgi tsukewa yake yi wajen goshi da ƙeya. In ka bar shi haka, falanki zai taɓa kaifin gefe kawai, gam ba zai kama ba, jikin kuma ya fito da ƙusumbi.

Naɗa samfefa mai lamba 80 a kan sanda mai tsawon da zai hau haƙarƙari uku a lokaci guda, ka riƙa gogewa daga tsakiya zuwa goshi, sannan daga tsakiya zuwa ƙeya. Kafin ka fara, shafa fensir a gefen kowane haƙarƙari da ke kallon tsakiyar jirgi. Wannan layin kada ya goge, don shi ne ainihin siffar jirgin. Lokaci lokaci ka kwantar da siririn falanki a jiki ka leƙa. Inda ka ga haske a ƙarƙashinsa, manna ɗan siririn katako ka cike. Inda ya yi tudu, ƙara gogewa. Abin da ka yi a dama, ka yi shi a hagu.

Mataki na 5: Rufe jiki da falanki

Falanki na farko yana bin layin daɓen jirgi daga goshi zuwa ƙeya. Shi ne jagoran sauran, don haka ka tsaya ka kalle shi ta gaba da ta gefe kafin ka manna. Daga nan ƙa'ida ɗaya ce: ɗaya a dama, ɗaya a hagu. In ka gama gefe guda tukuna, jan katakon zai murɗe ƙashin baya.

Busasshen falanki karyewa yake yi. Jiƙa shi a ruwan ɗumi na minti 20 zuwa 30, ka lanƙwasa shi a hankali a jikin dutsen guga mai zafi, ka kafe shi a mazauninsa da fil da maƙalai ba tare da gam ba. Sai ya bushe sarai za ka cire ka manna. Jiƙaƙƙen katako a kumbure yake, in ka manna shi haka zai bar tsaga.

Sai batun lissafi. Cikin jirgi ya fi goshinsa faɗi, amma yawan falankan da za su rufe su ɗaya ne. Ɗauki siririyar takarda ka auna gefen kowane haƙarƙari daga falankin farko zuwa ƙashin baya. A ce na tsakiya ya ba ka milimita 60: falanki 12 ke nan masu faɗin milimita 5. In na kusa da goshi ya ba ka milimita 36, ka raba gida 12, kowane falanki zai koma milimita 3 a wurin. Sa alamun a kan falankin, ka haɗa su da rula, ka fere gefe ɗaya kawai, na sama. Kada ka rage falanki ya gaza rabin faɗinsa, kada kuma ka bar shi ya ƙare da tsini. A ƙeya, inda jiki ke buɗewa, za a sami gurbi mai siffar tsinke. Yanka guntu daidai da shi ka cusa.

Da ka rufe jikin, cire fil, ka kwaɓa garin katako da farin gam ka toshe tsagogi. Goge da lamba 120, ka gama da 240. Ka rufe ido ka shafa da tafin hannu, don hannu yana gano tudun da ido ya tsallake. Ka ɗaura ƙyalle a hanci lokacin gugar, wuƙa kuma kullum bakinta ya kalli nesa da yatsunka.

Mataki na 6: Daɓe da fenti

Daɓen jirgi ana shimfiɗa shi daga layin tsakiya zuwa gefe. Shafa baƙin fensir a gefen kowane falanki kafin mannawa, zai fito kamar kwaltar da ake cusawa tsakanin falankan jirgin gaske. Kada mahaɗar falankai biyu maƙwabta ta faɗo wuri ɗaya.

Don fitar da layin ruwa, zaunar da jirgin daidai a kan teburi, ka ɗaure fensir a kan guntun katako mai tsayin da zane ya nuna, ka ja shi ya zagaye jikin. Bluenose baƙi ne a sama, ja mai duhu a ƙasan layin. Shafi uku na fenti mai ruwa ruwa, da 'yar guga a tsakani, sun fi shafi ɗaya mai kauri. Ɗakunan saman daɓe, murafan rumbun kifi da sitiyari, a gefe ake haɗa su a fente su, sannan a manna.

Mataki na 7: Ginshiƙai, igiyoyi da yadin iska

Ginshiƙi kauri yake a gindi, siriri a sama. Maƙala sandar a bakin injin huda, ka riƙe ta da samfefa tana juyawa, kana auna kaurin da zane. Wajen kafawa ka duba ta gaba ka ga ginshiƙan biyu sun ɓoye juna.

Igiyoyi kashi biyu ne. Masu riƙe ginshiƙi ba sa motsi, a jirgin gaske ana shafa musu kwalta, don haka baƙin zare ake sa musu. Masu ɗaga yadi da juya shi kuwa ruwan ƙasa ne mai haske. Fara da baƙaƙen, ka yi aiki daga tsakiyar jirgi zuwa waje, daga ƙasa zuwa sama, don kada hannunka ya riƙa ratsa abin da ka gama. Ja kowane zare ta cikin kakin zuma ya kwantar da gashinsa. Ɗaurin ya miƙe kawai, kada ya yi tsauri har ya janye ginshiƙi, kuma nan ma dama da hagu ake bi. Kowane ƙulli ka ɗiga masa farin gam da aka sirka da ruwa. Mai kamawa nan take yana sa zare ya ƙage ya karye.

Yadin iska yana son farin yadin auduga mafi laushi da za ka samu. Tsoma shi a ruwan shayi marar ƙarfi ya rage haske, ka goge, ka zana layukan ɗinki da fensir, ka ninke baki ka manna. In yadin ya yi wa ma'aunin kauri, ka naɗe shi a kan sandarsa kamar jirgin da ke tsaye a tasha, ko ka bar jirgin ba yadi. Ƙwararru da yawa haka suke yi don igiyoyin su fito.

Mataki na 8: Ajiya

Ƙura ce babbar abokiyar gabar jirgin da aka gama, musamman da hunturu, don goge ta daga cikin igiyoyi yakan tsinka su. Ka sa mai gilashi ya yanka maka akwati da ya fi jirgin da santimita 5 ta kowane gefe. Kafe jirgin a kan gindin maɗaci da aka shafa wa banish, ka ajiye shi nesa da taga, don rana tana cin fenti tana ruɓar da zare, nesa kuma da bangon da gara ke bi. A ƙasan gindin ka rubuta sunan jirgin, ma'auninsa da shekarar da ka gama. Guntayen falanki da ragowar fenti kuma ka adana su a gwangwani, don ranar da wani abu ya ɓalle, da su za ka yi gyara launi ya zo ɗaya.